Tatsuniyoyin Soyayya na Girka da Rum a Zanen Rokoko

Rokoko salo ne na zane da ƙawata ɗakuna wanda ya taso a birnin Paris wajen ƙarshen mulkin Sarki Louis na 14, wanda ya mutu a 1715. Ya yi tashe kusan shekara hamsin, ya bazu zuwa Jamus da Ostiriya da arewacin Italiya, sannan ya dusashe tun kafin juyin juya halin Faransa na 1789. Ana gane shi da launuka masu haske, ruwan hoda da shuɗi mai sanyi da fari, da layuka masu lanƙwasa, da ruwan zinari a gefen bango da rufin ɗaki. Babban kaso na abin da masu wannan salo suka zana soyayya ce, kuma sau da yawa ba ta mutanen zamaninsu ba. Ta allolin da tsoffin Girkawa da Rumawa suka ƙaga ce: Venus, wadda sunanta ya hau kan tauraruwar da Hausawa ke kira Zara, da ɗanta Kupid mai kwari da baka, da Jupita, wato Mushtari a bakin masana taurari, da Diyana mafarauciya.

A lissafin yankin gabashin Sudan, zamanin ya zo daidai da daular Funj ta Sinnar, musamman doguwar sarautar Badi Abu Shuluk daga 1724 zuwa 1762. A ƙasar Hausa kuwa, a tsakiyar zamanin aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a 1754. Fadar Faransa ta san da Sinnar. Likita Charles Poncet ya yada zango a can a 1699 kan hanyarsa ta zuwa Gondar, kuma a can aka kashe Lenoir du Roule, manzon da Louis na 14 ya aika Habasha, a 1705.

Dalilin ɗauko tatsuniya

Babu Bafaranshe ko ɗaya a ƙarni na 18 da ke bauta wa Venus ko Jupita. Ƙasar ta Kiristoci ce mabiya ɗarikar Katolika. Waɗannan alloli sun rayu ne a makaranta, domin duk ɗan gidan da ya yi karatu ya koyi Latin, kuma cikin littattafan da ake koyon Latin da su akwai na Ovid, mawaƙin Rum da aka haifa shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Littafinsa mai suna Metamorphoses, juzu'i 15, tarin labaran rikiɗa ne: budurwa ta zama itace, mafarauci ya zama barewa, allah ya zama bijimi. Mai kallo ɗan birni yana ganin farin bijimi da furanni a ƙahonsa ya san labarin da ake nufi, ba sai an rubuta masa a ƙasa ba.

Akwai kuma dalilin matsayi. Makarantar Sarki ta Zane da Sassaƙa, wadda aka kafa a 1648, ta jera nau'o'in zane hawa-hawa. A ƙasa akwai zanen 'ya'yan itace da furanni, sai dabbobi da shimfiɗar ƙasa, sai hoton mutum. A can sama akwai zanen tarihi, kuma a ƙarƙashin wannan suna aka haɗa labaran Littafi Mai Tsarki da tarihin Rum da tatsuniyoyin alloli. Manyan muƙamai da ayyukan sarki na masu zanen tarihi ne. Saboda haka wanda ya zana matar maƙwabcinsa ba tufafi ya jawo wa kansa abin kunya, amma in ya ɗora mata jinjirin wata a goshi ya ajiye kwari da baka a gefenta, ta zama Diyana, shi kuma ya zama mai zanen tarihi. Tatsuniya ta ba su rigar mutunci da takardar izini a lokaci guda. Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma masu sayen zanen da masu yin sa duk sun san da haka.

Ɗakunan da aka yi zanen dominsu

Louis na 14 ya yi shekara 72 kan gado, ya tara manyan ƙasa a fadar Versailles ƙarƙashin idonsa. Zanen zamaninsa na yaƙi ne da nasara, a zauruka masu faɗi. Da ya mutu, magajinsa Louis na 15 yana ɗan shekara biyar, sai Philippe na gidan Orléans ya riƙe masa sarauta har 1723, fada ta koma Paris na wasu shekaru. Hakimai da attajirai suka gina gidajen kansu, da ƙananan ɗakuna na hira da cin abinci da kwalliya. An rufe bangon da katako mai sassaƙa, an kafa manyan madubai na masana'antar Saint-Gobain. Wurin da ya rage wa mai zane ɗan kaɗan ne: saman ƙofa, saman madubi, da tsakanin tagogi. Babban zane irin na yaƙin Iskandari ba ya shiga irin wannan gurbi. Mutum biyu da gajimare da kurciyoyi suna shiga.

Misali mafi kyau da ya rage har yau yana gidan Soubise a Paris. A 1732 Yarima Hercule-Mériadec na gidan Rohan, yana da shekara sittin da 'yan kai, ya auri Marie-Sophie de Courcillon, bazawara 'yar shekara 19. Ya sa magini Germain Boffrand ya yi mata ɗaki mai siffar ƙwai, Charles-Joseph Natoire kuma ya cika guraben da ke tsakanin bango da rufi da zane takwas, daga 1737 zuwa 1739. Labarin na Saiki ne da Kupid. Wanda ya fara rubuta shi ɗan Afirka ne, Afuleyus, mutumin Madaura a Aljeriya ta yau, a ƙarni na biyu, kuma La Fontaine ya sake shi da Faransanci a 1669. Saiki kyakkyawa ce da aka kai ta gidan miji mai dukiya marar iyaka, bisa sharaɗin kada ta taɓa ganin fuskarsa. Yayyenta suka zuga ta, ta kunna fitila yana barci, ɗigon mai ya ƙona shi, ya tashi ya tafi. Sai bayan wahala mai yawa ta sake samun sa. Ko tsohon ango ya lura da abin da baƙinsa za su raya a zuci game da amaryar da aka hana ta duban mijinta da kyau, wannan wani zance ne. Abin da ke fili shi ne zane da gini da sassaƙa sun zama abu guda a ɗakin, har ba a iya cewa ga inda ɗaya ya tsaya.

Manyan masu zanen

Antoine Watteau, wanda aka haifa a Valenciennes a 1684, shi ya buɗe ƙofar, ko da yake ba allolin ya fi zanawa ba. Zanen da ya miƙa wa Makarantar Sarki a 1717 yana nuna masoya bibbiyu cikin tufafin siliki a tsibirin Kitira, inda tatsuniya ta ce Venus ta fito daga teku. Ita Venus ɗin gunkin dutse ce kawai a gefe, an rataya mata furanni. Har yanzu masana na gardama ko mutanen tafiya tsibirin za su yi ko barin sa suke yi. Wannan rashin tabbas shi ne daɗin zanen, kuma akwai wani baƙin ciki a ƙarƙashinsa da magadansa ba su gada ba. Tarin fuka ya kashe Watteau a 1721 yana da shekara 36.

François Lemoyne ya zana Harkul da Omfale a 1724: gwarzon da ya kashe zaki yana zaune riƙe da kayan kaɗin zare na mata, sarauniya Omfale ta yafa fatar zakin ta riƙe kulkinsa. Jigon da Rokoko ya fi ƙauna ke nan, namiji mai ƙarfi ya ajiye makami a gaban mace. Lemoyne ya zama babban mai zanen sarki a 1736, ya kashe kansa a shekara mai bi.

Wanda aka fi danganta salon da shi shi ne François Boucher, daga 1703 zuwa 1770. Ya zauna ɗan lokaci a hannun Lemoyne, ya ci abinci da kwafar zanen Watteau a farantin tagulla don bugawa, ya je Italiya ya dawo. Zanen da ya shiga Makarantar Sarki da shi a 1734 na Rinaldo da Armida ne, daga waƙar Tasso ta 1581 kan yaƙin 'yan Salibiyya na farko. A waƙar, Armida matsafiya ce daga gidan sarautar Dimashƙa, wadda ta ɗauke jarumin Kiristoci ta tsare shi a lambunta har ya manta da Ƙudus. Tasso ya kawo labarin ne don a ga jarumi ya farka ya koma fagen fama. Boucher ya zaɓi lokacin da yake kwance a jikinta, abokansa biyu da suka zo ceton sa suna leƙe daga nesa, da ƙyar ake ganin su.

Daga nan aiki ya yi ta zuwa. Jakadan Suwidin, Carl Gustaf Tessin, ya sayi Nasarar Venus na 1740 ya kai Stockholm. Boucher ya yi wa masaƙar Beauvais samfurin dardumomin bango, ciki har da jerin da ake kira Soyayyar Alloli, ya zama mai duba aikin masaƙar Gobelins a 1755, sannan babban mai zanen sarki a 1765. Shi da kansa ya ƙiyasta zanen alƙalami da alli da ya yi a rayuwarsa ya kai dubu goma. Surorinsa sun hau tangaran, da maficin hannu, da akwatin taba, da labulen gidan wasan kwaikwayo.

Abin da aka yanke daga labarin

Duk wanda ya karanta Ovid sannan ya dubi zanen Boucher zai ga tazara mai faɗi. Labaran Ovid cike suke da yaudara da fyaɗe da azaba. Mai zane ba ya iya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, sai ya zaɓi ƙiftawar ido ɗaya. Gwanintar Rokoko, da laifinsa, duk suna cikin wannan zaɓi.

Yuropa 'yar sarkin Sur ce, a gaɓar Labanan ta yau. Jupita ya rikiɗa farin bijimi, ya shiga garken ubanta, ta hau bayansa da wasa, ya faɗa teku da ita har tsibirin Kirit. Sata ce tsagwaronta. Titian na Venis, wajen 1560, ya zana ta a tsakiyar ruwa, ta kwanta rigingine a bayan dabbar, tana riƙe da ƙaho ɗaya cikin firgita. Wannan zane yana Paris a ƙarni na 18, cikin taskar gidan Orléans, masu zane suna zuwa kallonsa. Amma a zanen Boucher na 1747 bijimin yana kwance a bakin gaɓa, Yuropa na zaune a kansa cikin natsuwa, ƙawayenta suna ɗaura furanni, jarirai masu fukafukai suna shawagi a sama. Wanda bai san labarin ba zai ɗauka kai amarya ake shiri.

Kalisto tana cikin 'yan matan Diyana da suka yi alkawarin ba za su kusanci namiji ba. Jupita ya ɗauki siffar Diyana ya yaudare ta. Ciki ya bayyana, aka kore ta, matar Jupita ta mayar da ita dabbar daji, ɗanta ya kusa harbe ta, a ƙarshe aka maƙala ta a sama cikin taurarin da Larabawa ke kira Banatu Na'ash. Boucher ya zana wannan labari sau da dama, har da wanda ya yi a 1759 da ke Kansas City a Amurka. Kullum abin da yake nunawa mata biyu ne suna hira a inuwa. Gaggafa da ke laɓe a bayansu ita kaɗai ke shaida cewa ɗayar ba mace ba ce.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wankan Diyana. A wurin Ovid, mafarauci Akteyon ya ɓata hanya ya ci karo da ita tana wanka. Bai yi niyya ba, amma ta watsa masa ruwa ya zama barewa, karnukansa suka yayyaga shi. Titian ya zana shi tsaye, ya ɗaga hannu cikin razana. A zanen Boucher na 1742, wanda tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, ga Diyana ta fito daga ruwa, ga baiwarta a durƙushe tana duban ƙafarta, ga kwari, ga naman da aka harbo, ga karnuka a gefe. Akteyon ne babu. An cire shi, an tsayar da mai kallo a inda ya kamata ya tsaya. Mai gidan da ya sayi zanen yana ganin abin da aka kashe mutum a kansa, safe da yamma, kare bai ko yi masa haushi ba.

Mutanen Fau da Gadarif, a gabashin Sudan, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan nauyin irin wannan kallo, domin ƙasarsu na da labarinta. Tajuj, kyakkyawar ƙabilar Humran ta bakin kogin Sitit, ta auri ɗan'uwanta Muhallaƙ, jarumi kuma mawaƙi. A ruwayar da ta fi yaɗuwa, ya roƙe ta ta tuɓe ta yi tafiya a gabansa ya kalle ta. Ta yarda bisa sharaɗin zai biya mata bukata ɗaya. Da ya gama kallo, ta ce bukatarta saki. Ya cika alkawari, ya ƙare rayuwarsa yana waƙar begenta har baƙin ciki ya kashe shi, ita ma ƙarshenta bai yi kyau ba. Usman Muhammad Hashim ya mayar da labarin littafi a 1948, Jadallah Jubara kuma ya yi fim ɗinsa a ƙarshen shekarun 1970. Tajuj da Saiki da Akteyon gini ɗaya ne: akwai abin da ido bai kamata ya gani ba, an gani, an biya. Masu ba da labarin Tajuj ba su taɓa tsayawa a daren kallon ba, don a wurinsu sakin shi ne labarin. Rokoko ya tsaya a daren, ya sa masa firam na zinari.

Akwai wani yankan na daban da ya shafi ƙasar Sudan kai tsaye. Andromeda, wadda aka ɗaure a dutse don dodon teku ya cinye ta har Fasiyus ya cece ta ya aure ta, 'yar sarkin Itiyofiya ce a tatsuniyar. Da wannan suna Girkawa ke kiran ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Masar, har da daular Kush, wadda kaburburan sarakunanta masu siffar dala ke tsaye a Bajrawiya kusa da Shandi. Ovid da kansa, a wasu waƙoƙinsa, ya siffanta ta da duhun fata. Lemoyne ya zana ta a 1723 fara sol, kamar yadda Titian da Rubens suka yi kafin shi. Baƙar fata yakan shigo zanen wannan zamani, amma a matsayin bara mai riƙe da tire ko laima.

Launi da kuɗi

Taushin da ake gani a waɗannan zane-zane aikin hannu ne da kayan aiki. Tun ƙarshen ƙarni na 17 ake gardama a Makarantar Sarki tsakanin masu fifita layi, mabiya Poussin, da masu fifita launi, mabiya Rubens. Masu launi suka yi rinjaye. Wajen 1706 aka gano wani sabon shuɗi a Berlin, mai arha idan aka kwatanta da wanda ake niƙawa daga dutsen lazward na Badakshan, kuma aka bayyana yadda ake haɗa shi a 1724. Ja mai kyau daga wani ƙwaro na Meziko yake zuwa. Rosalba Carriera ta Venis ta zo Paris a 1720 ta sa birnin ya haukace kan zanen alli mai launi, har masu fentin mai suka koma neman irin wannan laushi.

Maficin hannu da ƙananan hotuna kuwa da fentin ruwa ake yin su, kuma abin da ke riƙe wannan fenti shi ne ƙaro, daga itacen dakwara, wanda a Sudan ake kira hashab, irin wanda ake tsaga a dazukan Gadarif da Kurdufan. Na Faransa a lokacin daga kogin Sanagal yake fitowa ta tashar Saint-Louis. Masu buga atamfa sun fi kowa shan sa, kuma darajarsa na cikin abin da ya sa Ingila ta ƙwace tashar a 1758.

Kuɗin ma yana da asali. Pierre Crozat, attajirin da ya saukar da Watteau a gidansa ya buɗe masa taskar zanensa, ƙanin Antoine Crozat ne, wanda ke cikin manyan masu hannu a kamfanonin cinikin bayi daga gaɓar Gini, kuma ya riƙe cinikin Luwiziyana shi kaɗai daga 1712 zuwa 1717. Sukari da gahawar da ake sha a waɗancan ɗakuna masu madubi daga Saint-Domingue suke zuwa, Haiti ta yau, inda bayi 'yan Afirka suka kusa rabin miliyan kafin tawayen 1791. Ba kowane zane aka saya da wannan kuɗi ba. Hayar gonaki da kwangilar karɓar haraji ma sun gina gidaje da yawa. Amma duniyar da babu gumi a cikinta, wadda zanen ke nunawa, da gumin wasu aka biya ta.

Uwar ɗakin salon

Jeanne-Antoinette Poisson, 'yar gidan masu kuɗi marasa sarauta, ta zama farkar Louis na 15 a 1745 aka ba ta laƙabin Madame de Pompadour. Ta riƙe wannan matsayi har mutuwarta a 1764. Ƙaninta, Marigny, ya shugabanci ma'aikatar gine-ginen sarki daga 1751, ita kuma ta tsaya wa masana'antar tangaran da aka mayar Sèvres a 1756. Boucher ya zana mata Kwalliyar Venus a 1751 don sashen wanka na gidanta na Bellevue, da manyan zane biyu na fitowar rana da faɗuwarta a 1752 da 1753. Ta san amfanin tatsuniya fiye da kowa. Tana fitowa a wasan kwaikwayon fada a matsayin waɗannan alloli, kuma da hulɗar gado ta ƙare tsakaninta da sarki wajen 1750, sai ta sa Pigalle ya sassaƙa ta a siffar Abota. Duk wanda ya ga gunkin ya gane saƙon: an canza ɗaki, ba a canza mai faɗa a ji ba.

A wajen Faransa, Giambattista Tiepolo na Venis ya fi kowa. Ya yi aiki a Würzburg daga 1750 zuwa 1753, kuma a 1757 ya zana labaran Armida da Dido da Anjelika a bangon gidan Valmarana kusa da Vicenza. Shi bai tsallake rabuwa da kuka ba, shi ya sa zanensa ya fi na Boucher nauyi. Santambul ma ta ɗauki salon bayan jakadancin Mehmed Efendi zuwa Paris a 1720 zuwa 1721, amma ta ɗauki lanƙwasa da furanni ta bar surar mutum, kamar yadda ake gani a masallacin Nuruosmaniye da aka gama a 1755.

Suka da faɗuwa

Suka ta fara tun salon na kan ganiyarsa. A 1747 La Font de Saint-Yenne ya buga ɗan littafi yana kukan cewa madubai sun kori zanen tarihi daga bango, yana neman a koma zana jarumtaka da kyawawan halaye. Denis Diderot, wanda ya riƙa yin sharhin baje kolin zane na Paris daga 1759, ya yarda Boucher na da hannu, amma ya zarge shi da rashin gaskiya, ya kuma danganta lalacewar zanensa da lalacewar halinsa. A daidai lokacin ana tono biranen Rum da dutse mai aman wuta ya binne, Herculaneum daga 1738, Pompeii daga 1748, Winckelmann kuma yana rubutu kan sauƙi da kwarjinin fasahar Girka ta ainihi. Allolin Boucher suka fara kama da 'yan matan Paris da aka shafa wa hoda.

Ba duk sukar ce adalci ba. Cikinta akwai ƙyashin ganin mata, irin su Pompadour, suna da ta cewa a kan abin da za a zana. Amma a kan batun yanke labari masu sukar sun yi daidai.

Jean-Honoré Fragonard, almajirin Boucher, ya ga juyin da idonsa. Ya zana wa Madame du Barry, farkar sarki ta ƙarshe, manyan zane huɗu na matakan soyayya don gidanta na Louveciennes, daga 1771. Ta mayar masa da su, ta ba Joseph-Marie Vien aikin, mai sabon salo na kwaikwayon Girka. Almajirin Vien ɗin, Jacques-Louis David, wanda dangin Boucher ne kuma Boucher ne ya tura shi wurin Vien, ya nuna Rantsuwar 'Yan Horatii a Paris a 1785: maza uku sun miƙa hannu ga takubba, mata sun taru a gefe suna kuka. A bakin almajiran David ne kalmar Rokoko ta fara yawo, kuma zagi ce. An sare kan du Barry a Disamba 1793. Fragonard ya mutu a 1806 an manta da shi.

Bayan rabin ƙarni kasuwa ta juyo. 'Yan'uwan Goncourt suka rubuta tarihin fasahar ƙarni na 18 daga 1859, gidan tarihi na Louvre ya sayi Wankan Diyana a 1852, Renoir ya ƙaunace shi tun yana yaro mai fentin tangaran. Wani attajirin Ingila mazaunin Paris, Marquess na Hertford na huɗu, ya tara zanen Boucher da Fragonard da Lemoyne masu yawa, waɗanda aka buɗe wa jama'a a Landan a 1900 da sunan taskar Wallace. Zane huɗun da du Barry ta ƙi suna taskar Frick a New York. Na Natoire takwas suna nan a gurabensu a ɗakin Soubise, gidan kuwa tun 1808 yake hannun hukumar adana takardun tarihi ta Faransa.